Ƙafar Ɗan Fari

A gidanmu ba a faɗin sunan ɗan fari. Ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a yaba shi, in ya yi tuntuɓe ya faɗi a gabanka sai ka ɗaga kai ka duba ko hadari ya haɗu. Kakanninmu makiyaya ne. Shanun sun daɗe da ƙarewa, abin da ya rage sai 'yan awaki da gonar dawa a Gude, amma kunyar tana nan daram, ko annoba ba ta taɓa ta ba.

Ni ma ɗan fari ne. Ga shi furfura ta fara leƙo mini, amma Inna ba ta taɓa duban idona ta ce “kai” ba. In tana da magana da ni, sai ta gaya wa ƙanwata, ko turmi, ko akuyar da ta fi kusa: “A gaya wa mutanen Gwarzo abinci na nan.” Ni ne mutanen Gwarzon, ni kaɗai, ina zaune a kan tabarma inda in ta miƙa hannu kwanon zai iso ni.

Da na yi aure aka haifa mini namiji, ana yaye shi Inna ta aiko aka ɗauke shi, kamar yadda ni ma aka ɗauke ni aka kai wa tawa kakar. Na bar mata shi. Lokacin ina koyar da kimiyya a wata ƙaramar sakandare a Gwarzo, na karanta littattafai masu kauri a kan tarbiyyar yara, har na taɓa miƙewa a taron iyaye da malamai na yi dogon jawabi a kan muhimmancin uba ya ja ɗansa a jiki. Aka tafa mini. Ranar Asabar ɗin makon na hau babur na je Gude, yaron ya rugo ya rungume mini ƙafa, na tsaya ina nazarin jinkar rumbu har ya gaji ya saki.

Malam yake kirana, domin haka ya ji kowa na kirana. Inna kuwa “maigida” take ce masa, irin wasan kaka da jika, kullum tana yi masa gorin ya bar ta babu cefane.

A daminar da ya shiga shekara ta shida, na je wata Asabar bai rugo ba. Yana zaune a gindin darbejiya, sa'o'insa sun kora awaki sun tafi. Da ya taso zai gaishe ni sai na ga yana ɗingisa ƙafar hagu. Da wutsiyar ido na gani, kuma a wannan fanni ba na yi wa kowa ladabi: shekarun da na yi ina kallon ɗana ta gefe sun ba ni ganin da ko zomo sai ya sara mini.

Inna ta ce da ƙanwata, “Maigidan nawa targaɗe ya yi. An kai shi wajen mai ɗori ya ja masa.”

Na dubi turmi na ce, “Allah ya sawwaƙe.”

Komawar da na yi ta gaba, ƙafar hagu ta yi sauƙi, gwiwar dama ce ta ɗauka. Mai ɗori ya sake ja. Bayan nan sai wuyan hannu, har ba ya son a taɓa. Da targaɗen ya zama ɗan yawon buɗe ido, yau yana ƙwauri gobe yana idon sawu, sai aka canza masa suna aka ce sanyin ƙashi ne. Inna ta hana shi wasa a ruwan sama, ta shiga gasa masa gaɓoɓi da ruwan ɗumi tana mulke shi da man shanu, har in ka shiga gidan ƙamshinsa kake fara ji kafin na girki.

Ni kuwa ina Gwarzo ina aikin da na fi iyawa, wato tunani daga nesa. Abin da ya fara zuwa mini sikila, domin a wajenmu duk yaron da ƙashi ke yi wa ciwo ita ake fara zargi. To, a nan ina da abin taƙama. Ni na dage aka yi mana gwajin jini kafin aure, har wani kawun matata ya ce wannan malamin ba shi da tawakkali. Sakamakon ya nuna 'ya'yanmu ba za su yi sikila ba. Da na tuna haka sai na gyara zama kamar alƙalin da ya sallami wanda ake tuhuma ya manta cewa har yanzu ba a gano ɓarawon ba. Na yanke hukunci: tsawo yake yi. Ƙashi na miƙewa, jijiya na biyo shi a baya, dole a ji a jiki.

Matata 'yar Kabo ce, ita ma kunyar ta ɗaure ta, har ta fi tawa ƙarfi tunda ita ta haife shi. A ɗakinmu, mu biyu rak, muna maganarsa kamar ɗan maƙwabta.

“An ce yaron Inna ƙafa na damunsa.”

“Haka na ji.”

“An ce har da zazzaɓi.”

“Damina ce. Tsawo kuma yake yi.” Na ɗauko biro na zana mata ƙashin cinya a bayan kwalin ashana, da kibiya a sama da ƙasa. Ta duba zanen, ta dube ni, ta ce zanen ya yi kyau.

A aji abin ya cim mini. Mun zo darasin ƙasusuwa, na biya wajen mahauta na karɓo ƙashin ƙafar sa aka fasa mini shi biyu don yara su ga ɓargo da idonsu. Ina riƙe da shi sama ina cewa, “Kun ga wannan da kuke tsotsa a miya? Nan ce masana'antar jini. In aiki ya rikice a cikinta, ƙashin da ke kewaye da ita shi zai fara kuka.” Jimlar ta yi mini daɗi, na juya zan rubuta ta a allo, sai allin ya tsaya a hannuna.

Duk abin da wutsiyar idona ta tara ya zubo a lokaci guda. Tafin hannunsa da ya ɗashe ya yi fari lokacin da ya miƙo mini ruwa. Zazzaɓin da ke tafiya in an sha maganin cizon sauro, ya dawo kamar ya manta hularsa. Shatin baƙi-baƙi a ƙwaurinsa, alhali yaron da ba ya gudu ba shi da inda zai buge. Yadda yake kwanciya da hantsi, shi da a da sai an kamo shi ake yi masa wanka.

Wata yarinya a layin gaba ta ce, “Malam, mu rubuta?”

Na ce su zana ƙashin, na fita bayan aji na buɗe waya. Abin da na karanta bai yi mini wuyar fahimta ba, da ma ya yi. Sankarar jini a jikin yara takan fara da ciwon ƙashi da gaɓoɓi mai yawo daga nan zuwa can, da ɗingishi, da ƙin taka ƙafa, tun kafin sauran alamu su fito fili. Na kuma karanta cewa yawancin ciwon ƙafar yara ba ita ba ce, na riƙe wannan layin kamar igiyar guga. Amma ko'ina maganar ɗaya ce: in ciwon ya ƙi tafiya, ga ɗashewa ga zazzaɓi, a je a auna ƙwayoyin jini. Gwaji ne da ake yi a nan Gwarzo. Tsakanin Gude da Gwarzo kuwa ba wata tafiya ba ce.

Abin da ya rage kawai in je in ce wa Inna ta ba ni ɗana in kai shi asibiti. Ni, ɗan fari, in tsaya gaban uwar da ba ta magana da ni, in nuna damuwa a kan nawa ɗan farin, in kuma nuna cewa riƙon da take yi masa da saura. Na yi muhawara da masu duba makarantu, na taɓa mayar wa shugaban makaranta takardarsa da jan biro. Wannan kam na duba ta ko'ina ban ga ƙofar shiga ba.

Sai na yi abin da manyan ƙasashe ke yi, na tura jakada. Na kira ƙanwata na ce, “Ki gaya wa Inna a kai yaron nan babban asibiti a auna jininsa. Ki ce ba maganar wasa ba ce.” Ƙanwata yarinya ce mai tarbiyya, ba za ta kai wa uwa magana da ƙaya a jiki ba. Ta fere ta, ta goge, abin da ya isa kunnen Inna shi ne: “Yaya na yi wa maigida sannu, ya ce in an samu hali ko a ɗan gwada na Turawa.” Inna ta aika kemis. Aka kawo wasu ƙananan fararen ƙwayoyi na sanyin ƙashi, yaro ya sha, ciwo ya lafa, ya shiga cin tuwo kamar mai huce haushi. Saƙo ya dawo mini: a gaya wa mutanen Gwarzo an gode, maigida ya miƙe. Na yi barci mai daɗi na ɗan lokaci. Ƙwayoyin na ƙarewa ciwon ya dawo da ƙarfinsa, ya haɗa da baya.

Daga nan na koma ƙarya, wadda ita ma sai da na tsara ta a rubuce a zuciyata. Na je Gude wata Litinin da yamma, bayan an gama gaisuwa na dubi ƙanwata na ce, wai an ba da umarni a auna jinin duk 'yan firamare, ni ma a ofis na ji, to in za a ba da yaron gidan nan sai in rage masa hanya.

Inna tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, “A tambayar mini mutanen Gwarzo, wace firamaren? Hedimastan su maigida kullum sai ya wuce ta ƙofar nan mun gaisa, bai ce komai ba. Ko 'ya'yan maƙwabta su ba su da jinin ne?”

Na ce wataƙila takardar ba ta iso Gude ba tukuna. Ta ce to, in ta iso a gaishe ta.

Na dawo gida na tarar da matata tana guga. Na fara ba ta labarin yadda aka yi, ina ɗan gyara wuraren da ba su yi mini kyau ba. Ba ta bari na kai ƙarshe ba. Ta ajiye dutsen gugar ta ce, “Malam, gobe in ba ka je ba ni zan je.”

“Ke? Ki shiga gidan surukarki ki ɗauko...”

“In ɗauko ɗana.” Ban taɓa jin kalmar a bakinta ba, ita ma da alama ba ta taɓa ji ba, don sai da ta ɗan tsaya. “Kai kunya ka sani. Ni na san kunya, na kuma san naƙuda.”

Washegari Talata ce, na bar wa wani abokin aiki ajina na kama hanya. A kan babur na shirya jawabi mai gabatarwa da gundarin bayani da kammalawa. Na tanadi misalai. Na ma tanadi amsar tambayoyin da za su iya biyo baya.

Lokacin kaka ne, na tarar da tsakar gidan cike da matan maƙwabta ana tsinkar gyaɗa. Ban yi lissafin 'yan kallo ba. Aka shiga gaisuwa: ina kwana, ina gajiya, ya mutanen gida, ya makaranta, ya aka ji da rana, ya hanya, a sake komowa kan gajiya. Kowace gaisuwa na cinye mini sakin layi guda, kafin a gama babu abin da ya rage na jawabin sai “Inna.” Na faɗe shi. Duk suka zubo mini ido. Na ƙara da cewa gyaɗar bana ta yi kyau.

Yaron yana kwance a tabarma a inuwar ɗaki. Ƙishirwa ta kama shi, bai kira kowa ba, ya juya ya dafa ƙasa ya nufi randa da rarrafe. Ɗan shekara shida. Yana ja yana cije leɓe, in gwiwar ta taɓa ƙasa sai ya ɗan tsaya.

Ba zan ce na yanke shawara ba, domin da na tsaya yankewa da har yanzu ina wurin. Na dai ga kaina a tsakiyar gida na sunkuya na ɗauke shi. Bai kai nauyin jakar littattafaina ba. Jikinsa zafi rau. Ya sandare a hannuna kamar wanda baƙo ya ɗauka a kasuwa, ya ce, “Malam, takalmina.”

Wata tsohuwa ta saki gyaɗar hannunta ta ce, “La'ilaha illallahu! Yau ga boko tsirara.”

Wata ta ce, “Ke dai bari. Ɗan fari a kafaɗa, uwa na kallo.”

Inna ta miƙe ta shige ɗaki. Na ce shi ke nan, na tsinka abin da ba ya ƙulluwa. Ina tsaye da yaro a hannu, ban san ko in fita ba ko in nemi gafarar turmi. Sai ga ta ta fito da mayafi a ka, da ƙullin kaya a hannu. Kallo ɗaya za ka yi wa ƙullin ka san ba yanzu aka ɗaure shi ba, har ƙura ta kwanta a kan ƙullin.

Ta dubi ƙanwata ta ce, “A tambayi mutanen Gwarzo, sai yau? Kayan nan tun ana maimai a gona na ɗaure su. Kullum Asabar in ce yau za a ce a taho da shi, sai a zo a yi mini zancen firamare.” Ta gyara mayafinta. “Ni ce zan aika in ce a zo a ɗauki ɗa na kasa? An ba ni shi yana gudu, in mayar da shi a kwance da bakina?”

Ashe duk watannin nan ni ina jin nauyin in karɓa, ita tana jin nauyin ta bayar, yaro na tsakiya yana shan man shanu.

Mu uku muka hau babur, shi a tsakiya. Inna ta riƙe ƙarfen baya da hannu biyu, ta gwammace ta faɗo da ta dafa ni. Duk ramin da muka faɗa sai yaron ya yi ƙara, ni kuma in ce “sannu,” ina kallon hanya.

A asibitin Gwarzo wata matashiyar likita muka samu. Ta dube ni ta ce, “Kai ne mahaifinsa?”

Inna na zaune a gefe. Na ce, “Eh to.”

“Malam, eh ko to?”

Na ce eh. Ta danna masa ƙwauri da ƙashin ƙirji, ya zabura. Ta lalubo kaluluwa a wuyansa da hammatarsa, ta taɓa cikinsa ta daɗe a gefen hagu, ta ja fatar idonsa ta duba. Da ta ji labarin fararen ƙwayoyin nan sai ta ɓata rai, ta ce kada a sake ba shi ko ɗaya, irinsu kan rufe ciwon su rikita gwaji. Aka ɗebi jini. Da sakamako ya fito ba ta yi mana kwana-kwana ba: jininsa ya yi ƙasa ƙwarai, ƙwayoyin kuma ba su yi mata kama da na lafiya ba, mu wuce Kano, kada mu ce sai an gama kaka.

A Kano aka ɗebi ɓargo daga ƙashin ƙugunsa. Kalmar da na karanta a bayan aji ita babban likitan ya faɗa, a hankali, da Hausa, don Inna ta ji. Ya ce irin wadda yara da dama kan warke ce in aka jure magani, amma maganin dogo ne, ba na wata ɗaya ko biyu ba, kuma ba zai yi mana alkawarin abin da ke hannun Allah ba. Matata ta iso daga Gwarzo a ranar, ta zauna a bakin gado ta ɗora kan yaron a cinyarta, Inna ta ga wani abin sha'awa a jikin taga ta tsaya kallonsa.

Likitan ya tambayi yadda abin ya fara. Na jero masa tiryan-tiryan: ƙafar hagu, gwiwar dama, wuyan hannu, lokacin da zazzaɓi ya shigo, lokacin da tafin hannu ya ɗashe. Yana rubutu yana gyaɗa kai. Ya ce, “Malam, ka lura ƙwarai. Ba kowane uba ke sa ido haka ba.” Na karɓi yabon da hannu biyu, ban ga amfanin in yi masa bayanin da wane ɓangaren idon aka yi aikin ba.

Abin da ya biyo baya ba shi da ban dariya da yawa. Ƙarin jini, ƙarin ruwa, allurai, amai, bakin da ya yi gyambo har ruwa ba ya wucewa. Gashinsa ya zube. Inna ta shimfiɗa tabarmarta a gindin gado ta ƙi komawa Gude, ta bar wa ƙanwata awaki da gyaɗa. Tun nas-nas na hana ta shafa masa man shanu a ƙoƙon kai har suka gaji suka ce in dai ba a kusa da wurin allura ba ne ta shafa. “Maigida ya yi aski bai biya wanzami ba,” in ji ta, shi kuma in yana da ƙarfi ya ce ai ita ma ba ta da haƙora.

Ɗauka kuwa ta zama aikina. Daga gado zuwa ɗakin gwaji, daga can zuwa bayi, daga mota zuwa layin ganin likita. Ban iya ba. Sauran iyaye maza a ɗakin suna saɓa 'ya'yansu kamar da su aka haife su, ni kuwa ina riƙe nawa kamar wanda aka ba ajiyar ƙwai a tire. Wani direban tifa da 'yarsa ke gadon kusa da mu ya gaji da kallona, ya taso ya gyara mini hannu ya ce, “Malam, a ƙugu ake tallafewa. Wannan ai sai ka ce takardar jarrabawa ka ɗauko.”

Har yanzu da nake rubuta wannan likitoci ba su sallame mu ba. Muna zuwa Kano a kan lokaci, ana auna jini, muna jiran abin da za a ce, kowane zuwa da irin faɗuwar gabansa. Amma an bar mu mun dawo gida bayan zangon farko mai tsanani, kuma ranar dawowar ce nake yawan tunawa.

An gama sallama da nas-nas, Inna ta yi gaba da ƙullinta, matata ta ɗauki ledar magunguna. Na sunkuya na saɓa shi, a ƙugu, yadda aka koya mini. Mun kai tsakiyar baranda sai ya fara mutsu-mutsu.

“Malam, kafaɗarka duk ƙashi ce. Sauke ni.”

“Motar na da nisa.”

“Zan iya.”

Na sauke shi. Ya tsaya ya gwada ƙafar hagu, ya gwada ta dama, ya gyara hular da ta yi masa yawa. Sannan ya kama tafiya, a hankali, yana ɗan tangaɗi, bai dafa bango ba. Na biyo shi a baya a sunkuye, hannuwa a buɗe, kamar mai korar kaza zuwa akurki, har muka fita bakin ƙofa.